Inda Za a Kafa Turmi

Turmin Fatsima a jirgin sama ya shigo Faransa, cike da kuka da daddawa, shekarar da ta biyo mijinta Bukari daga Damagaram. Tun zuwansa sau ɗaya tak ya ji taɓarya. A hawa na shida suke zaune, cikin wani tsohon bene kusa da unguwar Barbès a Paris, inda jirgin metiro ke bi ta saman kasuwa yana kaɗa tagogi. Ranar da ta gwada daka yaji, ba ta yi nisa ba tsohuwar da ke ƙasansu ta fara dukan silin da sandar shara, na gefe kuma ya zo ƙofa da jar fuska yana maganar ƴan sanda. Daga ranar aka tura turmin lungun bayan ƙofa, ya zama wurin ajiye lema, taɓarya kuma aka kwantar da ita a ƙarƙashin gado.

A ranar ne Bukari ya yi mata alkawari. Ya ce in Allah ya ba shi rai da lafiya, sai ya sama mata gidan da ƙofarsa ke buɗewa a kan ƙasa, inda za ta kafa turminta ta yi daka har ta gaji ba mai ɗaga mata murya. Ita dai dariya ta yi, amma ta riƙe maganar.

Bukari karatu ya kawo shi Paris, ya gama ya samu aiki a wani ɗakin gwajin magunguna, ya zauna. Mutum ne mai tsafta da tsari, mai son a ce masa ɗan mutunci fiye da a ce masa mai kuɗi. Mahaifinsa dillalin shanu ne a kasuwar Damagaram, kuma duk da shekarun da ya yi yana sa farar rigar aiki a ƙasar Turawa, dokokin kasuwar shanu na nan a kansa daram. Babbar cikinsu ita ce ba a shiga cinikin wani. In mutum ya taya saniya, mai ita ya ce ya sallama, to sauran masu saye sai su juya baya, ko kallonta ba sa ƙara yi. Yana ƙarami ya ga mahaifinsa ya daina gaisawa da wani amininsa saboda ya tsaya a bayan mai ciniki yana jiran abin ya watse. Bukari yakan ba da labarin nan a wurin shan shayi, kuma a duk lokacin da ya ba da shi sai ka ji kamar shi ne ya yi jarumtar.

A farkon shekarar 2008 aka sanar da su cewa za a mayar da sashensu Lyon. Fatsima ta fi kowa murna, don ta ji an ce gidaje a can ba su kai na Paris tsada ba. Wani mutumin Maraɗi mai tuƙin bas a Rillieux-la-Pape, a gefen Lyon, ya nuna musu wata ajans ta dillancin gidaje, wadda yake nuna wa duk ɗan gida da ya zo neman muhalli. Suka hau jirgin ƙasa wata Asabar suka je.

Matar da ta karɓe su sunanta Claire, doguwa ce mai saurin tafiya, makullai a hannu kamar mai gadin makaranta. Ta kai su gida biyu ba su yi musu ba. Na uku yana tsohon garin Rillieux, nesa kaɗan da dogayen benayen sabuwar unguwa, a ƙarshen wani siririn lungu. Ƙaramin gida ne, fentinsa ya koɗe, bayan gidansa na neman gyara. Amma yana da tsakar gida kewaye da katanga, da itacen ɓaure a kusurwa.

Fatsima ba ta ko leƙa ɗakunan kirki ba. Ta wuce tsakar gidan, ta tuɓe takalmanta duk da sanyin da ake yi, ta tsaya a kan ƙasa. Ta nuna gindin katanga ta ce nan za a shuka yakuwa, ta nuna wajen rana ta ce nan za a yi shanya. Sannan ta je ƙarƙashin ɓauren ta buga dunduniyarta a ƙasa, ta ji taurinta.

"Malam, nan za a kafa shi," in ji ta.

Bukari ya yi mata ido, don ɗan dillali ba ya nuna wa mai kaya cewa kayan sun shiga ransa. Ya ɗaure fuska ya tambayi Claire shekarun rufin, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce za su yi shawara. Gaskiyar magana shi ma gidan ya tafi da shi. Abin da ya tsayar da shi takardar canjin wurin aiki ce da ba ta fito ba, kuma banki ba zai saurare shi ba sai da ita. A jikin gilashin ajans ɗin hoton gidan na manne, an rubuta à vendre a ƙasansa, wato na sayarwa ne, ba wanda ya taya tukuna. Suka koma Paris, Fatsima na lissafa irin tukwanen da za ta saya tun daga Lyon har gida.

Takardar ta yi jinkiri kamar yadda takardu suka saba. Kafin ta fito, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Bukari ya biya shagon Alhaji Hamid a Barbès. Hamid mutumin Chadi ne, mai sayar da yadi da dogayen riguna, mai faɗin murya da faɗin hannu, kuma matarsa Rékia ƙawar Fatsima ce ta ƙut da ƙut. Ana cikin shan shayi Hamid ya zaro hoto daga aljihu ya miƙa wa jama'a. Ya ce zai buɗe shago a Lyon, har mutumin nan na Maraɗi ya haɗa shi da wata ajans, ya ga gida ya taya, mai gida ya sallama. Hoton ya zaga hannu hannu har ya iso ga Bukari. Ga katangar, ga ɓauren.

Hamid bai san Bukari ya taɓa taka gidan ba. Bukari kuwa ya miƙa hoton yana murmushi, ya ce Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a shiga a sa'a. Bai faɗa masa shi ma yana son gidan ba. Da ya koma gida ya gaya wa Fatsima, ya kuma gargaɗe ta kada ta kuskura Rékia ta ji cewa su ma sun ga gidan. Ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Da takardar ta fito, ya koma Lyon shi kaɗai neman wurin zama. Hoton gidan na nan a gilashi, sai dai an manna masa jan ƙyalle a karkace mai ɗauke da sous compromis. Claire ta gane shi, ta ba shi kujera, ta ce ta yi baƙin ciki da ya makara, amma kada ya cire rai tukuna. Ta ɗauki biro ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce gida a wurinsu matakai yake bi. In aka rubuta sous offre, wani ya taya kuma mai gida ya karɓi tayin, amma ba a ɗaure komai da ƙarfi ba. In aka rubuta sous compromis, an sa hannu a yarjejeniyar farko, mai saye ya ajiye kafin alƙalami, ana jiran banki ya amince da ba shi rance. Wannan jira yakan kai wata uku, kuma in banki ya ƙi, ciniki ya mutu da kansa, a mayar wa mai saye kuɗinsa, gida ya koma kasuwa. Sai ranar da aka zauna gaban notar, jami'in da ke shaida cinikin gida, aka miƙa makulli ake rubuta vendu, ranar ce kawai aka sayar. Ta ƙara da cewa bana bankuna sun fara ƙanƙame hannu, cinikayya da yawa na rushewa a hanya.

"Ba abin da za ka biya, ba abin da za ka sa wa hannu," in ji ta. "Ka ce mini kawai in kira ka in wannan bai yiwu ba. Kai zan fara kira, na ga yadda matarka ta so wurin."

Kada a ce Bukari bai fahimta ba. Faransancinsa ya fi na wasu ƴan ƙasar tsabta, kuma kowace kalma ta shiga kunnensa. Abin da ya gani a idon zuciyarsa shi ne mutumin nan da ya tsaya a bayan mai ciniki a kasuwar shanu. Ya ga kansa yana kwana yana tashi da waya a gefe, yana jiran banki ya kunyata Hamid. Wace addu'a zai riƙa yi bayan salla? Ya roƙi gidan, ai ya roƙi faɗuwar ɗan'uwansa ke nan. Ya gyara zama ya gaya wa Claire cewa a wurinsu ba a yin haka, in wani ya riga ka to ya riga ka. Ta ce ba ƙarin kuɗi zai yi a kan na wani ba, layi kawai zai bi. Ya ce ya gode, amma kada ta kira shi a kan gidan nan ko da me ya faru. Ta ɗaga kafaɗa ta mayar da murfin biro.

Ya fito yana jin kansa wani babban mutum. A cikin jirgi ma sai da ya yi ta maimaita amsar da ya ba ta, yana jin daɗinta. Da ya ba Fatsima labari, ta tambaye shi a hankali ko barin lamba ma shiga ciniki ne. Ya ce ita ba ɗiyar kasuwa ba ce, ba za ta gane ba.

Suka ci gaba da ɗaure kaya. Ya samo musu haya a sabuwar unguwar Rillieux, hawa na tara, ya ce na ɗan lokaci ne kafin a samu wani gidan. Ana sauran kwanaki su tashi, wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi zai fita aiki, Fatsima ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zanenta.

"Malam, da ka bugo ma matar nan ta ajans. Ko gaisuwa ce. A ji inda maganar gidan ta kwana."

Ransa ya ɓaci, don maganar ta taɓa inda ke masa ciwo. Ya ɗaga murya, abin da ba halinsa ba ne.

"Gidan Alhaji Hamid kike so in bi ina shinshina? Kar in ƙara jin zancen gidan nan a bakinki, Fatsima. Na gama magana."

Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta rufe. Ta miƙa masa jakarsa, ta ce a dawo lafiya.

Bayan sun tare, ya bi ta gaban ajans ɗin wata rana ya ga an canza ƙyallen, an sa vendu. Ya ce a ransa Hamid ya samu, Allah ya sa albarka. Hamid dai bai buɗe shago a Lyon ba, yana nan a Barbès, amma Bukari bai ga abin mamaki ba. Ya hango motar wasu Turawa a bakin lungun, ya yanke cewa haya Alhaji ya zuba, kamar yadda ƴan kasuwa ke yi. In sun gaisa ta waya da salla, ba ya tambaya, kada a ce yana sa ido a kan abin mutane. Hamid ma bai taɓa tayar da zancen ba.

Ɗan lokacin nan da aka ce za a yi a hawa na tara ya miƙe ya zama shekaru. Ba wai Bukari bai nema ba. Ya zama gwanin karanta gilashin ajans, yana iya gaya maka daga nesa wane gida ne sous offre, wane ne ya kusa zuwa gaban notar. Amma mai tsakar gida ya fi ƙarfinsa, wanda bai fi ƙarfinsa ba kuma yana can bayan gari inda bas ba ya zuwa. Ga kuɗin makarantar ɗiyarsu Shamsiya, ga na gida da ake aikawa Damagaram. Gidaje na ta hawa, shi kuma shekarunsa na ta hawa, har ma'aikacin banki ya fara duban furfurarsa kafin ya dubi takardunsa. Asansar ɗin benensu kuwa, wato na'urar hawa sama, ya fi zama a lalace, Fatsima ta riƙa hawa da kayan cefane tana hutawa a kowane hawa. Sanyin ƙashi ya kama mata gwiwoyi, daga baya ya gangaro wuyan hannu. Turmi ya samu sabon lungu a baranda, aka ɗora masa tukunyar na'ana'a. Ba ta taɓa yi masa gorin alkawarinsa ba, kuma wannan ya fi gorin zafi.

A shekarar 2017 aka yi rasuwar wani dattijo a Montreuil, a gefen Paris, Bukari ya je ta'aziyya. Bayan azahar aka fito farfajiyar gidan ma'aikatan da ake zaman makoki, ya samu kansa a benci ɗaya da Hamid. Alhaji ya tsufa, muryar ta ragu, shagon ma ya bar wa ƙanensa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi iyali da ƙafa da sanyin Lyon. Can sai Hamid ya yi dariya ya ce saura kaɗan da yanzu maƙwabta ne.

"Ka tuna gidan nan da na nuna muku hoto? Wallahi bankin ya ƙi ni. Suka ce ni commerçant ne, ɗan kasuwa, kuɗina ba su da tsayayyen lissafi. Kunya ta hana ni faɗa ma kowa, bayan na gama zagaya hoto a Barbès."

Bukari ya juyo ya dube shi. Ya tambaye shi to wa ke cikin gidan.

"Wani Bature mana. Matar ajans ta ce da ma ya bar lambarsa, ko da za a fasa. Sati bai cika ba ya sa hannu, ko sauke hoton ba su yi ba. Abin da ya ƙone mini rai ke nan, Malam Bukari. Da na san wani namu mai so, da na kama hannunsa na kai shi har gaban matar. Ai da na ji sanyi."

Nan ma Bukari bai faɗa ba. Ya ce Allah bai nufa ba, Hamid ya ce haka ne, aka kawo shinkafa aka sa a gabansu. Ya tsakura don kada a lura.

A jirgin komawa bai ga komai ta taga ba. Ya auna maganar ta kowane gefe yana neman inda zai tsaya, bai samu ba. Bai ceci Hamid daga komai ba, bankin ya yi abin da zai yi ko da Bukari ko ba shi. Mutuncin da yake taƙama da shi ba wanda ya amfana, ba ma wanda ya san an yi shi. Mahaifinsa ya hana shiga ciniki mai rai ne, shi kuwa ya tsaya gadin cinikin da ya riga ya mutu. Nadama ta cika masa ciki, ya yi ta tunanin yadda zai kalli Fatsima ya gaya mata.

Ya iso washegari da la'asar, asansar a lalace, ya hau da ƙafa. Ya same ta a kicin tana yanka albasa a hankali, wuyan hannunta ɗaure da bandeji. Ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi mutanen Paris. Ya ja kujera ya zauna bai ko cire hula ba, ya kwashe duk abin da Hamid ya ce ya gaya mata. Yana jiran ta saki wuƙar, ko ta yi salati. Ba ta daina yankan ba.

"Na sani," in ji ta.

Ya dube ta.

"Rékia ta bugo mini tana kuka, ranar da takardar banki ta zo. Ta haɗa ni da Allah kar in faɗa ma kowa, don Alhaji ba ya son a ji. Washegari ne na tare ka a bakin ƙohwa."

Safiyar ta dawo masa gaba ɗaya, da igiyar takalmin, da gefen zanen da take murzawa, da bakin da ta buɗe ta rufe. Kiran waya ɗaya ta roƙe shi, ko na gaisuwa ne. Ya tambaye ta me ya hana ta kira Claire da kanta, ai ta san ajans ɗin. Ta ce shi ya ce ya gama magana. Ya tambaye ta to duk shekarun nan fa, suna ɗaki ɗaya. Ta ce da ta faɗa, me zai ƙara masa ban da abin da yake ji yanzu.

Bukari ya tashi ya fita baranda, don ba ya son ta ga idonsa. Daga hawa na tara ana hango rufin gidajen tsohon gari, ya daɗe da sanin wane ne a ciki, bai taɓa nuna mata ba, ashe ita ma ta sani. Ya sauke tukunyar na'ana'a daga kan turmin, ya share ƙasar da ta zuba da tafin hannunsa. Icen ya tsage kaɗan a gefe saboda sanyi da ruwan sama. Ya rungumo shi ya shigo da shi, ya je ya jawo taɓarya daga ƙarƙashin gado, ya tsaya a ƙofar kicin yana haki. Ya ce zai sauka da su ƙasa yanzu, akwai ciyawa a bayan wurin ajiye motoci, ta zo ta yi dakanta, duk wanda zai yi magana ya yi da shi.

Fatsima ta goge hannunta a zane, ta zo ta karɓi taɓaryar da hannu biyu. Ta ɗaga ta kaɗan, ba ta kai ƙirjinta ba hannun ya fara rawa. Ta sauke ta a hankali kada ta bugi daɓe, mutanen ƙasa su ji, ta jingine ta a bango.

"Mayar da shi, Malam," in ji ta. "Yanzu ko gidan ka ba ni, ta fi ƙarhina."